Bin Maigida

"Ba zan faɗa ba," in ji Kaka Shatu. "Ka tambaye ni da hantsi, ka tambaye ni da azahar. Bakin nan dai shi ne, ban sake wani ba."

"Suna ne kawai, Kaka. Sunan mijinki."

"Mijina ga shi nan tsaye a kaina, ba cefane sai tsawa."

Ni take nufi. Wasan kaka da jika ne, kuma da shi take kashe duk maganar da ba ta so. Ran nan ban yi dariya ba. Ta ci gaba da juya waina a tanda, ni kuma ina tsaye riƙe da takardar da umda, wato mai unguwa, ya dawo mini da ita ba hatimi.

Rabi'u bin Hashim bin Maigida. Sunan da na yi makaranta da shi ke nan, tun daga ajin farko har na gama sanawiyya, wato sakandare, bara. Yadda aka yi kuwa, kowa ya sani a bayan titin Mansur, inda mu Hausawan Makka muke zaune cikin ɗakunan gwangwani da tabarmi. Kakata ta yi bauta a wani gidan Larabawa tun zamanin Turkawa. Da ubangidan ya ga mutuwa ta matso, ya 'yanta ta tare da ɗanta, wato ubana. Magatakardan alƙali ya tambaye ta sunan uban yaron. Balarabe ne, bai san matar Bahaushe ba ta kama sunan mijinta ba, ko da a gaban alƙali ne. Ta sunkuyar da kai ta ce, Maigida. Shi kuma ya tsoma alƙalami ya rubuta.

In Balarabe ya karanta, ba ya jin komai. Namu ne ke dariya. Wanda ya fi kowa shi ne Mukhtaru, autan Alhaji Tsoho mai gidan bene, wanda muka yi aji ɗaya da shi. Yakan ce, maigidan wa? Kowane gida a Makka da maigidansa, sai in zaɓi wanda ya yi mini. Yanzu shi ne magatakardan umda. Da na kai takardata ta neman tabi'iya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, Mukhtaru ya sunkuya ya raɗa wa umda cewa wannan ba suna ba ne. Umda ya ce in kawo sunan kakana na gaskiya da mai shaida, in ba haka ba za a lissafa ni cikin baƙin da suka yi hajji suka ƙi komawa. Irin waɗannan a mota ake zuba su a kai Jidda, daga can sai jirgi. Ni ban taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ubana ma bai gan ta ba.

Ubana ruwa yake ɗauka, gwangwani biyu a sanda bisa kafaɗa. Bai taɓa tambayar uwarsa komai ba. Ƙarfinsa duk a matakalar gidan Alhaji Tsoho ya ƙare, yana hawa yana kiran "hanya, hanya" don mata su kauce. Ranar da ciwon ƙirji ya kashe shi, saƙon da ya zo daga gidan benen shi ne, wa zai kawo ruwan gobe.

Da ba don wani Bature ba, da har yau ina tsaye a kan tandar nan ina roƙon suna.

A hajjin da ya wuce na yi tafinta a Jidda, a wani kamfanin jiragen ruwa da ke kawo alhazai. Shugaban ofishin Ba'ingile ne, Mista Ridli, mutum mai jan wuya da son magana. Wata rana da babu jirgi ya warware wata doguwar takarda a kan tebur, ya danne gefenta da kofin shayi, ya ce in zo in ga danginsa. Ya ce a ƙauyensu akwai coci ɗaya na dutse, tumakin garin sun fi mutane yawa, kuma tun ƙarnuka duk limamin da ya riƙe cocin yana rubuta wanda aka raɗa wa suna, wanda ya yi aure, wanda aka binne. Hutunsa gaba ɗaya a wani ɗaki mai sanyi a bayan cocin ya ƙarar da shi, yana bin littattafan da ɓera ya ci gefensu. Makiyaya ne kakanninsa, sai maƙeri ɗaya. Yana faɗa yana murna kamar ya gano sarakuna.

Ya nuna mini wani wuri inda zanen ya kusa tsinkewa. Wani jariri ne, an rubuta sunan uwarsa, an bar wurin uban fari. Na ce to yaya ya yi. Ya ce ya daina neman inda aka rubuta uban, ya koma bin uwar. Ƙauyen ƙarami ne. Matar nan ta yi shaidar aure a kusan kowane gida, ta tsaya wa jariran kowane gida ranar suna, shekara da shekaru. Gida ɗaya ne kawai sunanta bai taɓa haɗuwa da nasu a shafi guda ba, kuma gonarsu na maƙwabtaka da tata. Ya ce nan ya tona, kuma nan ya samu.

Daga nan ya tambaye ni nawa dangin. Na faɗa masa sunaye ukun. Ya ce Maigida suna ne mai daɗi, me yake nufi? Na ce ban sani ba.

Tun da na dawo Makka nake sauraren bakin Kaka. Mu ba mu da coci ba mu da littafi, amma matar da ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama shi ko a jikin wani. In ɗan maƙwabta ya ci sunan, sai ta laƙaba masa wani. Don haka na riƙa jin yadda take kiran mutane. Tana cewa Audu, tana cewa Garba. Tana kiran Malam Sabo mai nama da sunansa, tana zagin Hassan mai jaki da sunansa har da na ubansa. Musa, Isa, Mamman, Bello, duk sun bi ta bakinta ba gargada. Har na fara zaton mutumin ba Bahaushe ba ne.

To ran nan, ina tsaye da takardar umda a hannu, wata alhajiya daga cikin masu sayen waina ta ce tandar Kaka ta tsufa, ta sayi sabuwa mana. Kaka ta ce tandar dai ta kwana biyu, amma ta fi na yanzu. Matar ta tafi. Maganar ta tsaya mini.

Ta kwana biyu. Haka take cewa kullum. Zani ya sha jiki. Takalmi ya ga duniya. Mutum mai furfura dattijo ne, ita kanta gyatuma ce. Na bi shekarun da na yi a ɗakin nan ina nema, ban sami rana ɗaya da kalmar tsufa ta fito daga bakinta ba. Kuma mutum ɗaya ne a unguwar ba ta da suna a gare shi sai "na gidan bene". Ba ta bin layinsu. Ba ta taɓa kai waina ƙofarsu ba, ko a lokacin alhazai da gidan ke cika.

Na shiga ɗaki na ɗauko sandar ruwan ubana, wadda kafaɗarsa ta goge har tana sheƙi. Na miƙa mata.

"Kaka, sandar nan sabuwa ce?"

"Kai ma ka san ta kwana biyu."

"Gwangwanin nan fa? Abin da ba sabo ba, me ake ce masa da Hausa?"

Ta dube ni. Wainar ta ƙone a tanda, tana jin ƙaurin, ba ta juya ta ba.

Na ajiye sandar. Na tafi wurin Iya Hadijatu, makauniyar da ke sayar da goro a bakin masallacinmu. Ban da Kaka, ita kaɗai ta rage cikin matan ayarin da suka zo tare. Na tsuguna na sayi goro, na ce mata ba tambaya na zo yi ba, na riga na san Alhaji Tsoho ne, yadda aka yi kawai nake so in ji. Ta daɗe tana shafa algararar da ke rufe da goron. Ta ce shekarun nan duka ba wanda ya taɓa tsugunawa ya tambaye ta.

Ta ce bayan Nasara sun ci ƙasa suka taso, Shatu tana amarya. Sun yi shekaru a hanya, suna noma a gonakin mutane suna gaba, har suka ƙetare teku daga Sawakin. Da suka iso Makka guzurin Tsoho ya ƙare. Ya kai Shatu wani gida kusa da Harami, ya ce mata aikin wanke-wanke ya samo mata, zai dawo ya ɗauke ta bayan Arfa. Ita ba ta jin Larabci. Ba ta san ya gaya wa mutanen gidan cewa kuyangarsa ce da ya taso da ita daga gida ba. Tana da ciki a lokacin, na fari, kuma kunya ba ta bar ta ta faɗa masa ba. Da kuɗin da aka ba shi a kanta ya fara saukar da alhazai.

Na ce daga baya ya san da yaron? Iya Hadijatu ta ce duk mai ido ya sani, ita ma a lokacin tana da nata. Wushiryar Hashimu ta wa ce? Tafiyarsa fa? Mutumin da ke hawa matakalarka kullum da fuskarka, ai ba sai an gaya maka ba. 'Yan ayari sun yi shiru domin a gidan benen ake samun aikin hajji. Ta ce kada in sa ran za ta maimaita wannan a gaban umda, jikokinta biyu a can suke ci.

Na taso. Na bi ta layin gidan benen da gangan, na tsaya ina kallon tagoginsa na katako. Akwai wuƙar yankan tabarma a ɗakinmu, na yi tunaninta. Amma wuƙa ba ta sa hatimi a takarda, kuma mutuwa ta yi masa sauƙi. A Makka zai mutu, a yi masa salla a Harami, a ce Allah ya yi masa kyakkyawan ƙarshe.

Na sami Kaka ta kashe wuta tana zaune. Na gaya mata abin da na ji. Ba ta musa ba. Na ce mutumin da ya yi mata haka, wace kunya kuma ta rage tsakaninsu?

"Bai sake ni ba," ta ce.

"Ya sayar da ke."

"Sayarwa ba saki ba ne. Igiyata tana wuyansa. Ban nemi ya cire ba, ba kuma zan nema ba. So nake ya shiga kabari da ita, a tambaye shi a can, inda ba shi da bene."

Sai a lokacin na gane ba ladabi take yi masa ba. Ajiya take yi. Duk ranar da ta kauce wa sunansa, ta ƙara ɗaure shi ne.

Na zauna ina juya maganar, sai wani abu ya faɗo mini. Matan Alhaji Tsoho huɗu ne, duk suna raye, duk suna gidan. Uwar Mukhtaru ce ta ƙarshe. In igiyar Kaka tana nan, to uwar Mukhtaru ba ta huɗu ba ce, ta biyar ce. Malamai za su iya samo wa ɗanta mafita a littafi. Unguwa ba za ta samo masa ba.

Na ce wa Kaka ita tana jiran Lahira, ni kuwa jirgi ke jirana a Jidda. Na ce ba zan sa ta kama sunan kowa ba. Ta zo kawai wurin zaman umda bayan la'asar ta gai da mutane, kowa yadda ya kamace shi. Ta ce in an kai ni jirgi wa zai riƙa yi mata tsawa. Daga nan ta tashi ta jawo akwatinta.

Umda yana zama ne a bakin titi, kan dogayen kujerun igiya, da dattawan unguwa a gefensa ana zuba shayi. Balarabe ne mai tumbi da sanda, ba ya jin Hausa sai "sannu". Ranar akwai Malam Sabo mai nama, da limaminmu Malam Hassan, da wasu. Alhaji Tsoho yana dama da umda cikin farar riga da alkyabba, yana jan carbi. Mukhtaru yana ƙasa kaɗan da allon rubutu a cinya. Da ya gan ni ya ce da Hausa, yadda kowa zai ji, bin Maigida ya iso, ko an gano gidan?

Na ce wa umda na kawo mai shaida.

Kaka ta fito daga lungu a hankali. Ba baƙin mayafin da matan nan ke sawa ta sa ba. Wani zanen saƙi ta ɗaura, baƙi mai ratsin ja, wanda ban taɓa gani ba, duk ya karye a wurin ninki. Dattawan suka bi shi da ido. Irinsa ake kai amarya da shi a gida, in ji su daga baya.

Ta fara daga hagu. Malam Sabo, ina wuni, ya kasuwa. Malam Hassan, ina wuni, ya jama'a. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, a tsaye, da 'yar raha irin ta tsofaffi. Har Mukhtaru ta kira da sunansa ta tambayi uwarsa. Da ta zo kan Alhaji Tsoho sai ta tuɓe takalmi. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kawar da kai gefe, ta durƙusa gwiwa biyu a cikin ƙurar titi.

"Maigida, barka da yamma."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Malam Hassan ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Babu Bahaushen da ke wurin da bai san wa mace ke yi wa irin wannan durƙuso ba, kuma duk sun san sunan da ke kan takardata. Carbin Alhaji Tsoho ya tsaya.

Umda ya duba dama ya duba hagu. Ya tambaya da Larabci me tsohuwar ta ce. Ba wanda ya fassara. Ya ce a tambaye ta sunan mijinta, shi ya sa aka zo. Na tambaye ta. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ta riga ta gai da shi.

Na fassara wa umda wannan daidai yadda ta faɗa. Na ƙara da cewa magatakardan Turkawa bai yi kuskure ba, abin da aka gaya masa ya rubuta, mu ne muka yi shekaru ba mu tambayi gidan ba. Sannan na juya ga Alhaji Tsoho, na yi masa magana da Hausa, a hankali, da ladabin da ake yi wa kaka.

"Alhaji, Ka'aba tana bayan dutsen nan. In ba ka san matar nan ba, ka fuskanci can ka ce ba ka san ta ba, mu tafi. In kuwa taka ce, ka sake ta yanzu a gaban liman, ta huta da durƙuso. Gwiwarta ba ta da lafiya."

Ya buɗe baki. Na ga wushiryar, irin ta ubana, irin tawa. Ya dubi wajen dutsen, ya dubi liman, liman bai ɗago ba. In ya rantse, ya rantse a gaban mutanen da suka san ƙarya ce, yana da ƙafa ɗaya a kabari. In ya sake ta, ya amsa cewa matarsa ya kai kasuwa. Ya rufe bakin. Wani gumi ya gangaro daga ƙarƙashin rawaninsa ya shiga gemu.

Mukhtaru ya miƙe, allon ya kusa faɗuwa. Ya ce wannan ƙazafi ne, tsohuwa ta rikice, a kore mu. Ya ce, Baba, ka yi magana mana. Baban bai dube shi ba.

"Zauna, Baffa," na ce masa. "Ai kai ƙanen ubana ne, ba na so in ɗaga maka murya. Ka ƙirga mini matan gidanku, ka sa da wannan da ke ƙasa. In ka gama ka gaya mini ta nawa ce ta haife ka."

Na ga lokacin da lissafin ya isa gare shi. Ya koma ya zauna. Wani daga bayan kujeru ya yi tari, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi, kuma na san kafin magariba maganar ta kai ƙarshen Mansur. Na jira in ji daɗi. Abin da na ji shi ne sanyi, kamar na sauke gwangwani biyu daga kafaɗa, wurin yana zafi.

Kaka tana nan a durƙushe. Ba wanda ya ce ta tashi, domin wanda ya kamata ya ce mata tashi shi ne mijinta.

Umda ya gaji. Ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce shi bai san abin da Takaruna, wato mu baƙaƙen Afirka ta Yamma, ke yi da junansu ba, magariba ta kusa, kuma yana da hatimi ɗaya ne a aljihu. Ya karɓi takardata ya miƙa wa Mukhtaru, ya ce ya soke sunan ƙarshe ya rubuta na gaskiya. Mukhtaru ya tsoma alƙalami. Ya soke Maigida da layi ɗaya. Hannunsa ya tsaya a kan farin wurin, tawada ta taru a bakin alƙalamin tana shirin ɗiga.

Umda ya dubi dattawan, ya dubi Alhaji Tsoho, ya dubi tsohuwar da ke ƙasa.

"To, Hashim ɗan wane ne?"